Ƙafa Uku Da Inci Shida: Labarin Layin Dogon Gadarif

Bayan an gama yankan dawa a bara, ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, ya tara kara a bayan gidanmu a nan Gadarif ya ce shi jirgin ƙasa zai ƙera. Motar kara da ta langa-langa ya ce wasan ƙanana ne, shi ya wuce wurin. Ya yi kan jirgi da gwangwanin madara, ya yi taragu uku da kwalin sabulu, ya yi ƙafafu da murfin kwalba. Sannan ya tsaga kara ya jera biyu-biyu a ƙasa, ya ce ga layi. Amma duk lokacin da ya ja jirgin, kafin a je ko'ina sai ya sauka daga kan layin ya kife. Ya sake ƙafafu, ya ƙara wa taragu nauyi da tsakuwa, abu ya ƙi.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana aikin darisa. Haka muke kiran ayarin leburorin da ke kula da layin dogo tsakanin tasha da tasha. Yana zaune a tabarmarsa yana kallo, da ya ga yaron ya kusa kuka sai ya yafuto shi.

"Kai abokina, zo nan. Jirginka lafiyarsa ƙalau. Layinka ne ba shi da ma'auni."

"Kaka, mene ne ma'auni?"

Tsohon ya karyo ɗan tsinke, ya gwada tsakanin ƙafafun jirgin, ya yi wa tsinken tsaga biyu da reza. Ya ce a kowane taƙi a gicciya wannan tsinke a kan layi, inda kara bai faɗa cikin tsagar ba, wurin nan ne jirgi zai kife. Ya sa aka yanka gajerun karare aka shimfiɗa a gicciye a ƙarƙashin layin, aka kafe su da ƙayar bagaruwa. Ya kuma nuna masa yadda zai haɗa murfi babba da ƙarami, babban ta ciki, don ƙafar ta sami leɓen da zai riƙe layi. Kafin la'asar jirgi ya tashi daga ƙofar zaure ya isa gindin randa bai kife ba.

Da yara suka watse sai tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da irin tsinken nan na ci abinci shekara talatin, sai dai nawa na ƙarfe ne. Ƙafa uku da inci shida. Ko a barci ka tashe ni zan nuna maka shi da hannu."

Wannan magana ita ta sa na shiga bin diddigin awon nan, da niyyar in yi shiri a kansa a rediyo. Abin da na tarar ya fi ƙarfin shirin rabin sa'a, shi ya sa na zauna na rubuta.

Masu shimfiɗa dogo a kan tebur

Abin da yaron nan ya yi da kara, akwai manya a Jamus da Ingila da Amurka da Japan da suka mai da shi abin sha'awa na tsawon rayuwa. Suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, komai nasu an rage shi bisa lissafi. Akwai awon da ake kira HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Akwai N, sau 160, faɗin layi milimita 9. A 1972 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da Z, sau 220, faɗin layi milimita 6.5. Daga baya a Japan aka fito da T, sau 450, wanda tsakanin ƙarafansa biyu milimita 3 ne kacal, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Ana sayar da layin a shirye a kantuna. Duk da haka akwai waɗanda ba sa gamsuwa sai sun shimfiɗa nasu da hannu. Suna sayen zallan ƙarfen, wanda tsayinsa a wasu lokuta bai wuce milimita ɗaya ba. Suna yanka 'yan siraran katakai su jera a kan zane. A bayan kowane huɗu ko biyar sai su sa guda mai fuskar tagulla, irin allon da ake gani a cikin rediyo, su liƙa ƙarfen a kansa da dalma. Dole a tsaga tagullar a tsakiya, in ba haka ba wutar ƙarfen dama za ta haɗu da ta hagu, jirgi ya tsaya cik. Kayan aikinsu matsefata ne da ƙaramin magagari da gilashin ƙara girman abu. Abin da ba ya barin hannunsu kuwa shi ne ma'auni, ɗan ƙarfe mai tsaga biyu, daidai da tsinken da tsohon nan ya yanka. A wannan ƙanƙanta, kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya kifar da jirgi.

Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa su wannan wahala shi ne yawancin layin kanti an yi shi ne a kan babban awo na milimita 1,435, wanda ya samo asali daga George Stephenson a Ingila. Wanda yake so ya kwaikwayi tashar Gadarif ko ta Zariya a awon N, sai ya raba 1,067 gida 160, ya sami kimanin milimita 6.7. Ko dai ya ari layin Z ya haƙura da ɗan bambancin, ko ya zauna ya shimfiɗa nasa. Milimita 1,067 ɗin nan shi ne ƙafa uku da inci shida na maƙwabcinmu. Shi ne faɗin tsohon layin Sudan, shi ne kuma faɗin tsohon layin Nijeriya.

Mutum ɗaya, layi biyu

Wannan ƙaramin awo injiniya Carl Pihl ne ya fara yaɗa shi a Norwe a farkon shekarun 1860. Dalilinsa arha. Layi siriri yana shan kwana a ɗan wuri, ba ya cin ƙasa da katako da yawa, gadojinsa ba su da tsada. Daga nan ya bazu zuwa Kwinslan ta Ostireliya, da Japan, da Afirka ta Kudu. Turawan Ingila sun riƙe babban awo a gida, suka kai ƙaramin ƙasashe da dama da suka mallaka.

A Sudan, layin da ya zama uwar sauran layuka don yaƙi aka yi shi. Kitchener yana so ya kai sojoji da igwa Omdurman ba tare da ya bi dogon lanƙwasar da kogin Nilu ya yi ba. Sai ya yanke shawarar ratsa saharar Nuba kai tsaye daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, tafiyar kimanin mil 230 babu gari babu inuwa. Wanda aka damƙa wa aikin wani matashin hafsa ne ɗan Kanada, Percy Girouard, haifaffen Montreal a 1867. An fara a ranar 1 ga Janairu 1897. Tashoshin hanyar ba su da sunan da za a ba su, sai aka riƙa kiransu da lamba, har yau kuma ana cewa Tasha ta Shida. Masu aikin yawancinsu sojojin Masar ne na bataliyar reluwe, da fursunoni, da 'yan ƙasa. Akwai ranakun da suka shimfiɗa kusan mil uku. Layi ya isa Abu Hamad a ƙarshen Oktoban 1897, ya isa Atbara a 1898. A ranar 2 ga Satumba 1898 aka gwabza a Karari, daular Mahadiyya ta faɗi. Kafin 1899 ta fita, ƙarfe ya iso gaɓar kogi daura da Khartum.

Shekara goma bayan aikin sahara, a 1907, aka tura Girouard ɗin nan Nijeriya ta Arewa ya gaji Lugard. Babban abin da aka aike shi yi shi ne layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Jiragen ruwa ke kawo ƙarafa Baro, daga nan a yi arewa ta Minna da Kaduna da Zariya, tafiyar sama da mil 350. Awon da aka bi shi ne dai ƙafa uku da inci shida. Girouard ya bar Nijeriya a 1909 aikin bai ƙare ba, amma a 1911 jirgi ya shiga Kano.

Leburorin wannan layi ba da son ransu duka suka zo ba. Bature ya faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a kwaso talakawa daga gonakinsu a kai su aiki na makonni. Ana biyansu da kuɗin Bature, kuɗin da za su dawo su biya haraji da shi. Mutane suka sa wa abin suna aikin diga, saboda digar da ake saran ƙasa da ita. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda layin ya ratsa ƙasarsa, har waƙa ya yi a kan aikin, wadda aka sani da Waƙar Diga. Turawa auduga suka sa rai layin zai kwaso. Manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa, daga nan aka kama hanyar dalar gyaɗa.

A shekarar da jirgi ya shiga Kano, a ita ce layin Sudan, bayan ya bi ta Wad Madani da Sinnar ya haye Farin Nilu a Kosti, ya isa Al-Ubayyid. Kai biyu na ƙarfe, awonsu ɗaya, suna fuskantar juna, tsakaninsu tafiyar watanni a ƙasa.

Waɗanda suka cike tsakanin da ƙafa

Mutanen yamma sun daɗe suna bin wannan hanya zuwa Makka tun kafin a san Bature. A Gallabat, kan iyakar Habasha a cikin jiharmu ta Gadarif, Takarir suna da garinsu da shehunansu tun kafin Mahadiyya. Amma babbar ƙaurar da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato ne. A Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas. Bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Sun gudu daga Nasara a yamma, suka tarar da shi a gabas ya riga su zuwa, kuma yana neman hannuwa. Sudan a lokacin ba ta da yawan jama'a, yaƙi da yunwa da annoba sun ci mutane. Gwamnati tana gina madatsar ruwa a Sinnar, wadda aka kammala a 1925, tana buɗe gonakin audugar Jazira, tana noman auduga a Gash da Tokar. Alhazan ƙasa kuwa suna bukatar guzuri. Mutum zai taso daga Katsina ko Haɗeja ko Damagaram, ya yi damina a Wadai, ya yi wata a Darfur, ya iso Al-Ubayyid ya hau jirgi in yana da kuɗi. In babu, ya tsaya ya yi ƙodago. Wani ya tara ya wuce Sawakin ya haye teku. Wani ya yi aure, ya sami gona, ya ce sai baɗi, har baɗin ta zama jikoki. Ta haka Hausa da Fulani da Barebari suka shiga cikin masu tsinkar audugar Jazira da masu ɗaukar dutse a Sinnar.

Yadda ƙarfe ya iso Gadarif

Gadarif, wadda a da ake kira Suk Abu Sin, ta daɗe tana kasuwar dawa da riɗi da ƙaro, amma a bayan raƙumi kayanta suke fita. Layin Atbara zuwa Bahar Maliya ya fara aiki a 1906. Daga tashar Hayya a kan wannan layi aka ja reshe zuwa Kasala a 1924 saboda audugar Gash. Daga Kasala aka biyo ta Khashm al-Girba da Shuwak aka iso Gadarif a 1928. A 1929 aka ƙarasa ta Kala'an Nahal da Hawata da Dindir da Suki, aka hau kan madatsar Sinnar aka haɗe da babban layi. A wannan shekara ta 1929 ne kuma, can yamma, layin Zariya ya isa Ƙauran Namoda, shekara ɗaya bayan haka na Kano ya isa Nguru.

Akwai abin lura a kan lokacin. A 1924 bataliyar reluwe ta Masar ta yi bore a Atbara, aka mai da ita gida, kuma bayan kisan Gwamna Lee Stack a Alƙahira a Nuwamban shekarar aka fitar da sauran sojojin Masar daga Sudan. Ke nan layin Gadarif an shimfiɗa shi ne bayan tafiyar waɗanda suka saba yin aikin. Hannuwan haya aka nema a cikin ƙasa. Maƙwabcinmu ya ce mahaifinsa, wanda ya taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji, yana cikin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka tsakanin Gadarif da Hawata, tare da Larabawa da Nubawa da mutanen Darfur. Daga bakinsa, da abin da shi kansa ya yi a darisa, na ji yadda aikin yake.

Masu awo ne a gaba, suna kafa turaku. Bayansu masu diga da shebur, da masu kwando da kwanon sarki, suna tara ƙasa har ta yi tudu mai tsawo. Jirgin kaya yana biyo su a kan abin da aka riga aka shimfiɗa, ya tsaya a ƙarshen ƙarfe a sauke. Sai a jera falanka, wato katakon da ake gicciyawa a ƙasa. Gara ba ta barin kowane itace, shi ya sa ake amfani da na ƙarfe a wasu wurare, a wasu kuma da bagaruwa, wadda Larabawa ke kira sunut. Dazuzzukan bagaruwa na bakin Shuɗin Nilu an daɗe ana renonsu saboda falanka, ana tsaga ta a injinan katako irin na Suki.

Daga nan sai ɗaukar ƙarfen. Ƙarfe mai nauyin laba 75 a kowane yadi, in tsawonsa yadi 10 ne, ya kai kilo 340. Mutane suna jeruwa dama da hagu da manyan awartaki, rayis, wato shugaban ayari, ya ba da murya, a ɗaga tare a aje tare. Wanda ya riga ko ya makara, shi ko na kusa da shi zai rasa yatsa. Waƙar aiki a nan ita ce agogon da ke haɗa hannuwa. Ana kafe ƙarfen gefe ɗaya tukuna. Sannan mai ma'auni ya gicciya sandarsa, a turo ɗaya ƙarfen har ya zauna daidai, a buga ƙusa. A mahaɗin ƙarfe da ƙarfe ana ɗaure su da faranti biyu da noti, a bar ɗan tsaga. Ƙarfe mai tsawon mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 40, yakan miƙe da fiye da milimita 5. In ba a bar masa wuri ba, rana ɗaya a watan bazara sai a tarar layi ya lanƙwashe kamar maciji. Wannan tsaga ita ce ke ba da ƙarar da duk wanda ya taɓa kwana a jirgi ya sani. A ƙarshe a zo da sandunan ƙarfe a miƙar da layin da ido, a dandaƙe ƙasa a ƙarƙashin kowace falanka.

Ƙasar Gadarif kuwa ba ta barin aiki ya ƙare. Baƙar laka ce. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta yi santsi. Galibin layin Sudan a kan zallan ƙasa aka ɗora shi, babu tsakuwa a ƙarƙashi. Saboda haka layin da aka daidaita a watan Mayu, kafin Agusta ya karkace. Wannan ne ya sa aka zaunar da darisa a 'yan gidaje a gefen layi cikin daji, su da iyalinsu, jirgi ke kawo musu ruwa. Kullum da asuba wani ya bi rabonsa na layi a ƙasa da guduma da sufana, yana duba noti, yana duba inda ruwa ya ci. In ya ga ɓarna ya kafa jar tuta. Tsohon ya ce a duk shekarunsa fasinja bai taɓa tambayar sunansa ba, shi ma bai damu ba, tunda jirgi bai taɓa kifewa a rabonsa ba.

Abin da layin ya kawo, da inda ya tsaya

Da jirgi ya zo, dawar Gadarif ta sami hanyar Khartum da arewa, riɗi da ƙaro suka sami hanyar teku. Ƙauyuka suka tsiro a gefen tashoshi, da dama daga cikinsu na mutanen yamma. A 1940, da Italiya ta kama Kasala da Gallabat, ta wannan layi aka riƙa kawo sojoji Gadarif. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, abin da ya mai da yankin rumbun Sudan. Ba don akwai taragon da zai kwashe ba, da noman bai yi wannan faɗi ba.

Akwai ma layukan da suka fi namu sirantaka. A Jazira an shimfiɗa ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 2 yana kwasar auduga daga gonaki zuwa injinan gurza. A Nijeriya an yi na ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka gama shi a 1914, aka rufe a 1957. Kowane layi an yanka faɗinsa daidai da kayan da ake so a fitar, kuma kowanne bakin teku ya nufa.

Shi ya sa kawunan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Bayan mulkin kai, layin Sudan ya yi yamma ya isa Nyala a 1959. Na Nijeriya ya yi gabas ya isa Maiduguri a 1964. Tsakanin Maiduguri da Nyala, in an miƙe, ya haura kilomita 1,200, kuma Chadi da ke tsakiya har yau ba ta da layin dogo. Da an haɗa, taragon da aka loda a Kano zai iya zuwa Gadarif ba a sauya masa ƙafa ba, don awon ɗaya ne. Hanyar da mutanenmu suka fi bi shekara da shekaru ita ce wadda ba a sa mata ko falanka ɗaya ba.

Reluwe ta yi ƙarfi a Sudan har Atbara ta sami laƙabin birnin ƙarfe da wuta. A can ma'aikata suka kafa ƙungiyarsu a 1946, suka yi yajin aiki a 1947 har gwamnati ta amince da su. Daga baya abubuwa suka juya. A 1980 aka gama kwaltar Khartum zuwa Fot Sudan, wadda ta bi ta Wad Madani da Gadarif da Kasala, kusan kafaɗa da kafaɗa da layinmu, manyan motoci suka kwashe kaya. A 1981 gwamnatin Numairi ta murƙushe yajin aikin ma'aikatan reluwe, bayan 1989 kuma aka sallami ma'aikata masu yawa. Layin da yake bukatar a bi shi a ƙasa kullum, in aka rage masu binsa, laka ba ta jira. Ni da na taso a garin nan, na fi sanin dogo a matsayin wurin da ake tsallakawa a je kasuwa. A Nijeriya sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, duk a kan babban awo na 1,435 suke, da falankar siminti, inji ke yin mafi yawan abin da hannu ya yi a da. Sanin da ke kan maƙwabcinmu yana tafiya tare da masu shi.

Wani ma'aunin

Akwai dalilin da ya sa wannan tarihi ya dame ni fiye da sha'awar tsofaffin ƙarafa. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, ƙarshen shekarar da Girouard ya ratsa sahara. Da wannan awo, wanda ya zo bayan Burmi, ya ɗauki dutse a Sinnar, ya ɗauki ƙasa a Hawata, ya haifi 'ya'ya a gidan darisa, baƙo ne. An sassauta daga baya, har dokar 1994 ta mai da iyakar 1 ga Janairu 1956. Takarda ta canza, amma bakin mutane bai canza da sauri ba. Mun ji wannan a 2008 lokacin da Hausawa suka fito zanga-zanga a nan Gadarif a kan maganar asalinsu. Mun sake ji a Yulin 2022, da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka, aka koma tambayar wa ke da ƙasa wa ba shi da ita.

Ba na cewa Hausawa su kaɗai suka shimfiɗa layin nan. Wanda ya faɗi haka ya zalunci Bamasaren da ya mutu da ƙishirwa a saharar Nuba, ya zalunci Banube da Bajaliye da mutumin Darfur da suka riƙe awartaki ɗaya da kakanninmu. Abin da nake cewa shi ne littattafai sun riƙe sunan Kitchener da Girouard, sun riƙe shekarar da aka isa kowace tasha, amma masu ɗaukar ƙarfen a lissafin kuɗi kawai suke fitowa. In ba mu tattara labarinsu daga bakin 'ya'yansu ba, gobe in aka tambayi yaro me kakanka ya yi wa ƙasar nan, ba shi da abin nunawa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara gaggauta abin. Gadarif ta cika da waɗanda suka baro Khartum da Jazira da Sinnar, tsofaffi suna rasuwa nesa da garuruwansu, takardun gida sun ƙone ko sun ɓata.

Saboda haka ina roƙon mai karatu, ko a Hawata yake ko a Zariya ko a Nguru, in akwai tsohon da ya yi darisa ko ya ji labarin diga daga bakin ubansa, a je a gaishe shi, a kunna waya a naɗi muryarsa. A tambaye shi daga ina aka ɗauko su, nawa ake biyansu, wa ke ba da waƙa, a wace tasha aka binne wane. Ni na fara da maƙwabcinmu, mun yi zama huɗu, kuma ya yarda in sa muryarsa a rediyo da sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Shi kuwa ɗan yayata, layinsa bai kai sati ba awaki suka cinye. Amma tsinken yana nan, ya ɓoye shi a cikin jakar allonsa. Ya ce in an yanke dawar bana zai ja sabon layi har ƙofar Kaka, kuma a wannan karon zai yi masa reshe. Tsohon ya yi dariya ya ce reshe shi ne inda ake gane gwani, sai ya zo da goro tukuna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauki ƙarfen nan, na gabas da na yamma, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.